Wai da gaske sarakunan Turawa zama suke yi a kan doki yana tabarya har a gama zana su?

Dan_Barga:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu tarihi da masu zane ku zo ku fidda ni duhu.

Ƙanina ne ya sa hoton Napoleon a WhatsApp ɗinsa, wannan da yake kan farin doki a kan dutse, doki ya ɗaga ƙafafun gaba sama, iska na kaɗa mayafinsa, shi kuma ya miƙa hannu yana nuna gaba. Hoton ya burge ni sai na shiga lalube a intanet, ashe ba shi kaɗai bane, sarakunan Faransa da Ingila da Sifaniya da Rasha na shekarun 1700 da wani abu kusan duk haka aka zana su, doki na tabarya, sarki ya riƙe linzami da hannu ɗaya ɗayan hannun da ƴar sanda, can baya ƙasa-ƙasa hayaƙi na tashi sojoji ƙanana kamar tururuwa suna kashe juna, shi ko gogan fuskarsa a sake kamar wanda yake zaune a kan darduma yana jiran a kawo masa shayi.

To ni tun ina shekara tara nake barga, kuma duk sallah ina cikin tawagar hakiminmu, na san idan doki ya yi tabarya abin na ƙiftawar ido ne, kuma dole ka kwanto gaba ka sassauta masa linzami, in ka kuskura ka ja baya sai ya kifo ya danne ka, na ga wanda ya karye a ƙugu a haka. To ta yaya mai zane zai samu lokaci? Zama suke yi da gaske? Kuma me yasa duk iri ɗaya kamar an haɗa baki? Sannan masu zanen yaƙin nan suna zuwa filin daga ne ko daga ɗaki suke ƙirƙirowa?

Malam_Alli:

Wa alaikumussalam Malam Dan_Barga. Idonka na mahayi bai yaudare ka ba, babu sarkin da ya taɓa zama haka aka zana shi.

Fara da wanda ƙanin naka ya sa. Jacques-Louis David ne ya zana shi a 1801, kuma abin da hoton yake nunawa shine ƙetare tsaunukan Alps da Napoleon ya yi da rundunarsa a watan Mayun 1800 kan hanyarsa ta zuwa Italiya, inda ya ci yaƙin Marengo ranar 14 ga Yuni. To a zahiri a kan ALFADARI ya haye tsaunin, wani ɗan ƙauyen wurin na jan ragama, saboda hanyar siririya ce ga santsi, babu mai hankalin da zai hau ingarma a wurin. Kuma Napoleon ƙin zama ya yi a zana shi sam, sai David ya ari kayan da ya sa a Marengo, ya ɗora ɗansa a kan tsani ya riƙa kwaikwayon zaman. Abin da aka ce ya nema kawai shine a nuna shi a natse a kan doki mai zafi. Kusan shekara 50 bayan nan wani mai zane Paul Delaroche ya sake zana tafiyar da alfadarin, Napoleon a takure cikin sanyi, ka nemo shi ka ajiye su gefe da gefe ka sha dariya. Af, ka ƙara girman hoton David ɗin ka duba duwatsun ƙasa ta hagu, zaka ga an rubuta sunan Bonaparte tare da na Hannibal da Karolus Magnus, wato manyan da suka taɓa ƙetare tsaunin da runduna kafin shi. Tun daga nan zaka gane me ake so a faɗa.

Haka aikin yake tun kafin shi. Sarki zai ba mai zane zama ɗaya ko biyu a kan kujera a ɗauki fuska, jiki kuma wani bara ne zai sa kayan ya hau dokin katako, shi dokin gaske a barga ake zuwa a yi ta zana shi daban, daga baya a harhaɗa. Wani lokacin ma mutum biyu ne suke aikin hoto ɗaya. Misali hoton Louis na 15 na Faransa a kan doki da aka yi wajen 1723, Charles Parrocel wanda ya ƙware a dawaki da yaƙi shi ya yi doki da jiki, Jean-Baptiste van Loo ya yi fuska. Kuma yaron nan a 1710 aka haife shi, ya hau sarauta yana shekara 5, kenan lokacin hoton shekararsa 13, ko ƙarar igwa a filin daga bai taɓa ji ba, amma an sa masa sulken ƙirji.

Dalilin da yasa suke iri ɗaya kuwa gado ne. Akwai mutum-mutumin tagulla na sarkin Rum Marcus Aurelius a kan doki da ya tsira tun zamanin da, duk Turai shi take kallo a matsayin yadda ake nuna mai mulki. Sai Titian ya zana sarki Charles na 5 a kan doki a 1548 bayan yaƙin Mühlberg, sai Velázquez a Sifaniya da Van Dyck a Ingila a shekarun 1630, kafin a shigo ƙarni na 18 abin ya zama kamar rawani, in babu shi ba'a ga sarki ba. Ma'anar a fili take a wurinsu, dokin nan mai ƙarfi mai zafin kai shine ƙasa da talakawa da runduna, wanda ya iya riƙe shi da yatsu uku bai ko yamutsa fuska ba shi ya cancanci mulki. Ƴar sandar hannun kuma sandar kwamandan yaƙi ce.

Abu ɗaya zan ɗan gyara maka, ba irin tabaryar da ka sani ba ce ta doki ya firgita. Horo ne da suke cewa levade, ana koya wa doki ya lanƙwasa ƙafafun baya ya zauna a kansu kamar zai tsuguna, sai ya ɗaga na gaba a naɗe ya tsaya cak na ƴan daƙiƙu, ba ya miƙewa tsaye sosai. Shekaru ake yi ana koya masa. Har yau suna yi a makarantar hawan doki ta Vienna, wadda aka gama gina zaurenta a 1735, kuma hoton sarki Charles na 6 a kan doki yana rataye a ciki, duk mahayin da ya shigo sai ya cire hula ya gaishe da hoton.

Zagi77:

Ni abinda na ji shine ƙafar dokin saƙo ce, in biyu ne a sama mutumin a yaƙi ya mutu, in ɗaya ce rauni ya ji, in duk huɗu na ƙasa a gadonsa ya mutu. Ko ba haka bane Malam?

Malam_Alli:

Zagi wannan zancen masu yawo da baƙi ne kawai. Napoleon ɗin nan ƙafa biyu a sama, a gado ya mutu a tsibirin Saint Helena a 1821. Peter na Rasha mutum-mutuminsa ƙafa biyu a sama, ciwo ne ya kashe shi a 1725. Louis na 15 kuma agana ce ta kashe shi a 1774.

Uwar_Biyu:

Tunda an ambaci Rasha bari in sa baki, dan naga duk maza kuke lissafowa kamar mata basu hau ba 😄

Yaya Dan_Barga ka nemi hoton Catherine ta 2 wanda wani ɗan Denmak Vigilius Eriksen ya zana. Tana kan dokinta kili mai suna Brilliant, ta yi hawan maza ƙafa nan ƙafa can, sanye da kakin sojan rundunar Preobrazhensky kore, takobi tsirara a hannu, gashi a sake a baya. Ranar da hoton yake nunawa ita ce 28 ga Yunin 1762, ranar da ta yi wa mijinta Peter na 3 juyin mulki, kuma da gaske ta hau doki a ranar ta jagoranci sojoji, kayan ma aro ta yi a wurin wani hafsa. Ƴan kwanaki bayan nan mijin ya mutu a tsare. Matar nan fa Bajamushiya ce, aure ne ya kawo ta, bata da ko ɗigon jinin gidan sarautar, to me zata nuna wa mutane? Sai ta nuna musu doki da kaki, wato sojoji nawa ne. Aka yi ta kwafar hoton ana rabawa.

Kuma bata tsaya nan ba, ita ce ta sa Bafaranshe Falconet ya ƙera wa Peter na 1 mutum-mutumin da Malam ya ambata, aka buɗe shi a 1782 a Saint Petersburg, a jikin dutsen aka rubuta ga Peter na farko daga Catherine ta biyu, kaga dabara, ta jingina sunanta da nasa ta tsallake duk waɗanda suka yi mulki a tsakani har da mijin. Dokin yana take maciji da ƙafar baya, ana cewa macijin maƙiya ne, amma kuma shine yake tallafe nauyin tagullar ta wurin wutsiya dan kar dokin ya kife. Kan Peter ɗin kuma wata budurwa almajirar Falconet ce ta sassaƙa shi, Marie-Anne Collot.

Kafin ita ma sarauniya Elizabeth an zana ta a 1743 a kan doki da kayan soja, da wani yaro baƙar fata yana tafe gaban dokin da ƙafa. Ni duk sanda na kalli hoton idona kan yaron yake tsayawa wallahi, ɗan wa ne, daga ina aka ɗauko shi har ƙasar ƙanƙara.

Tsohon_Soja:

Ɗana Dan_Barga, tambayarka ta ƙarshe ita ce tawa, dan na sa kaki shekara da shekaru kuma hoton yaƙi baya burge ni kamar yadda yake burge yara.

Wasu sarakunan sun je filin daga da gaske, kar a zalunce su. George na 2 na Ingila yana Dettingen a ƙasar Jamus ranar 27 ga Yunin 1743 yana shekara 59, kuma shine sarkin Ingila na ƙarshe da ya jagoranci runduna da kansa. Amma me ya faru, dokinsa ya ji ƙarar bindiga ya zabura da shi, da ƙyar aka tare, tsoho ya sauka ya ƙarasa yaƙin a ƙasa da takobi a hannu. A wurina wannan ya fi jarumta. To je ka duba hoton da John Wootton ya yi na ranar, yana kan doki daram, babu alamar an taɓa zabura da kowa.

Na Faransa ma haka. A Fontenoy ranar 11 ga Mayun 1745 Louis na 15 yana wurin shi da ɗansa, amma wanda ya tsara yaƙin ya ci shi Maurice de Saxe ne, mutumin da ciwon kumburi ya ci ƙarfinsa har a cikin ɗan keken saƙa ake jan shi yana zagaya rundunar. A zanen Pierre Lenfant wa ka gani a gaba a kan doki yana nuni da hannu? Sarki. Haka abin yake har gobe, mai tauraro a kafaɗa shi ake ɗauka hoto, kurtu kuwa hayaƙi ne a baya.

Sai dai ban yarda a ce duk ƙarya bane. Masu zanen yaƙi kala biyu ne. Akwai waɗanda suke bin runduna ko su je wurin bayan an gama, su auna tudu da kwari da kogi, su karɓi taswirar injiniyoyin soja, su zana inda kowace bataliya ta tsaya. Van Blarenberghe irinsu ne, zanen da ya yi wa sarkin Faransa na ƙawanyar Yorktown ta 1781 a Amurka in ka kalla kamar kana kan tsauni kana leƙen sansani, tantuna da ramuka da layin sojoji komai a wurinsa. Akwai kuma David Morier ɗan Suwizalan da ya yi wa Duke na Cumberland aiki, shi ya bi rundunonin Ingila ɗaya bayan ɗaya wajen 1751 yana zana kakinsu, launin kwala, maɓalli, hula, jakar harsashi, har yau masu binciken kayan soja da shi suke kafa hujja. Ni irin wannan nafi so, dan akwai kurtu a ciki da fuskarsa.

Ɗaya kalar kuma su Benjamin West, wanda ya zana mutuwar Janar Wolfe a 1770, shekara 11 bayan yaƙin Quebec na 1759 a Kanada. Bai je ba. Ya tara manyan hafsoshi sun kewaye janar yana cikawa, alhali yawancinsu suna can wani gefen suna faɗa lokacin da ya mutu, ya ƙara da wani jan Ba'indiye tsugune ya yi tagumi. Abin dariyar shine rigimar da aka yi da shi ba akan wannan bace, akan ya sa musu jan kakinsu na gaske ne maimakon mayafin Rumawan da, dan a lokacin ganin manyan masu zane shine babban lamari baya kyau da kayan zamani. Sarki George na 3 ya ƙi saye da farko, da yaga jama'a sun yi caa a kai sai ya sa aka yi masa kwafi.

Bakon_Landan:

Baba Tsohon_Soja Allah ya ƙara girma, na ƙaru.

Dan_Barga kai da kake mutumin barga akwai hoto ɗaya da nasan in ka tsaya gabansa sai an janye ka. Sunansa Whistlejacket, George Stubbs ya zana wajen 1762, yana gidan ajiye zane na ƙasa a Landan, shiga kyauta ne. Tsayinsa ya kusa mita 3. Jan ingarma ne jinin Larabawa mai farin geza da wutsiya, ya yi irin tsayuwar nan ta sarakuna sak, amma babu mahayi, babu sirdi, babu linzami, babu ƙasa babu sama, bango ne kawai fili launin ƙasa-ƙasa. Tun daga ɗakuna uku baya kake hango shi ta ƙofofi. Da na matsa kusa abinda ya kama ni idon ne, ya juyo da shi farin ya fito kamar dokin da ya ji motsi a bayansa, ga jijiyoyi sun tashi a cinya da ƙasan ciki. Akwai labarin da ake bayarwa wai da George na 3 za'a ɗora a kai sai mai dokin ya ɓata da sarki a siyasa ya fasa, amma masana basu ɗauke shi da gaske ba.

Shi Stubbs ɗin wani irin mutum ne, ya kama gidan gona a wani ƙauye Horkstow ya yi wata 18 yana feɗe matattun dawaki, ya rataye gawa da ƙugiyoyi a rufi ya tsayar da ita kamar mai rai, ya ɗura kitse a jijiyoyi dan kar su shafe, ya riƙa ɗaye fata da tsoka hawa-hawa yana zanawa har ya kai ƙashi, ka yi tunanin warin. A 1766 ya fitar da littafin. Shi yasa dokinsa doki ne, na wasu da yawa kuwa in ka lura ƙugu kamar randa kai ɗan mitsitsi.

Amma ko shi sukuwa ta gagare shi. Duk zanen zamanin in doki na gudu zaka ga ƙafafun gaba a miƙe gaba na baya a miƙe baya yana shawagi kamar zomo, sai a 1878 da wani mai ɗaukar hoto Muybridge ya jera kyamarori a Kalifoniya aka ga cewa lokacin da ƙafa huɗun suke barin ƙasa a tattare suke ƙarƙashin ciki.

Dan_Barga:

Kai jama'a na gode, Allah ya saka. Na nemo na alfadarin, ƙanina yace shi bai yarda ba sharrin maƙiya ne 😂

Maganar a tattare ƙarƙashin ciki gaskiya ne, duk wanda ya taɓa tsayawa gefen fili ranar jahi ya sa ido a ƙafa ya san haka, mamaki ma nake ace sai da kyamara.

Da nake karanta bayanin Malam sai na tuna ranar da mai hoto yazo ɗaukar hakiminmu da kayan hawa, zagi biyu ne riƙe da dokin ta kowane gefe dan baya son walƙiyar kyamara, aka ce su sunkuya, daga baya aka goge su a kwamfuta, hoton na nan a zaure kowa na cewa kai dokin nan akwai ladabi. Wato dai su Turawa da fenti suke yi wa sarki kirari, namu na wancan zamanin irin su Bawa Jangwarzo na Gobir maroƙa da makaɗa ne suka riƙe musu, babu wanda ya san kamanninsu.

Malam_Alli:

Haka ne, zanen barade na ɓangarenmu ya shiga littattafan Turawa a 1826, cikin littafin tafiyar Denham da Clapperton, Turawan Ingila da suka zo Borno, akwai baraden Shehun Borno cikin sulke da wani na Bagirmi shi da dokinsa cikin lifidi. Su ma a Landan aka gyara su aka buga.

Kuma abin bai tsaya a Turai ba, sarkin Sin Qianlong ma wani ɗan mishan Ba'italiye Giuseppe Castiglione ya zana shi a kan doki cikin kayan yaƙi, har sarkin ya aika zanen yaƙoƙinsa 16 Paris aka sassaƙa su a farantan tagulla aka dawo masa da su.

Tsohon_Soja:

Zagi kai mai lissafin ƙafar doki, ga wani. Mutum-mutumin George na 3 a kan doki da aka kafa a New York a 1770 da dalma aka yi shi aka shafe da ruwan zinare. Ranar 9 ga Yulin 1776 da aka karanta wa mutanen garin takardar ƴancin kan Amurka suka sa igiya suka jawo shi ƙasa, aka kai gutsattsarin Connecticut aka narka aka yi harsashi sama da 42,000. Na Louis na 15 a Paris shi ma a watan Agustan 1792 aka kayar, a filin ne kuma aka sare kan jikansa Louis na 16 a watan Janairun 1793.

Zagi77:

To Baba shi wannan ƙafa nawa ya ɗaga kafin a narka shi 😅

Uwar_Biyu:

Yaya Dan_Barga dan Allah sa mana hoton hakimin nan mu nemi inda aka goge zagin, ni nasan sai an bar ko yatsa ɗaya a jikin ragama.